Sa'ad da Wasa Ya Saɓa wa Maganarsa

Kusan duk maganar da wasan bidiyo ke yi da mai buga shi umarni ce. Je ka wurin wane. Buɗe ƙofar gabas. Nemo takobin nan ka kai wa mai shi. Littafi ba ya aiken mai karatu, fim ma ba ya ce wa mai kallo ya tashi ya ɗauko wani abu, amma shi wasa ba ya motsawa sai da aike. Kuma kowane aike yana tafe da alkawari a cikinsa, ko an furta ko ba a furta ba. Wanda ya ce maka je ka wurin wane, ya lamunce maka ke nan cewa wanen yana nan, yana da baki, kuma zai amsa. Masu buga gem suna kiran irin wannan aike mishan. Za su iya shafe kwanaki a kan guda ɗaya, a kashe su su tashi, a sake kashe su su sake tashi, ba tare da sun ji an cuce su ba, muddin ransu ya yarda cewa ƙofar tana buɗuwa, su ne dai ba su kai ga makullin ba tukuna.

Abin da ke ɗaure mini kai shi ne lokacin da ƙofar ba za ta taɓa buɗuwa ba, alhali umarnin yana nan rubuce a fuskar allo, jimla cikakkiya, ba harafi ɗaya da ya faɗi.

A ranar 11 ga Nuwamban 2011 kamfanin Bethesda na Amurka ya fitar da Skyrim, wasan da ke sakin mai bugawa a wata ƙasa mai duwatsu da dusar ƙanƙara ya yi yadda ya ga dama. A cikin biranen ƙasar akwai Windhelm, kuma a can akwai wani mishan da ake kira Blood on the Ice, wato jini a kan ƙanƙara. Labarin bincike ne. Bayan ka shiga birnin ka fita wasu lokuta, wata rana da dare za ka tarar da mutane sun taru a maƙabarta a kan gawar wata mata mai suna Susanna. Ba ita ce ta farko ba. Sai ka nemi izini wurin Jorleif, wakilin mai mulkin birnin, ka bi sawun jini har zuwa wani gida da ba kowa a ciki mai suna Hjerim, inda za ka sami littattafan da makashin ya rubuta da hannunsa da wata baƙuwar laya. Alamun duka suna nuna Wuunferth, bokan fada. Idan ka kai ƙararsa, za a jefa shi kurkuku, wasan kuma ya rubuta maka cewa mishan ya kammala.

Ƙarya yake yi, kuma da gangan. Bayan 'yan kwanaki sai a sake kashe wata. Wuunferth ba shi da laifi. Makashin shi ne Calixto, dattijon nan mai gidan nuna kayan ban mamaki, wanda ka yi hira da shi tun a bakin gawa a matsayin shaida. Marubutan labarin sun ɗauki kalmar da mai wasa ya fi yarda da ita, kalmar kammalawa, suka mai da ita tarko. A ganina wannan yana cikin abubuwa mafi gwaninta a wasan gaba ɗaya. Ƙarya ce irin ta mai tatsuniya, wadda ke ɓatar da kai don ta dawo da kai ka ga abin da ka wuce ba ka lura ba. Wanda aka yi wa irinta ba ya jin haushin mai labari, kunyar gaggawar kansa yake ji.

Sai dai wannan mishan ɗin ya yi ƙaurin suna da wata ƙaryar daban, wadda ba wanda ya shirya ta. Wani zai yi ta zarya a maƙabarta dare bayan dare, gawa ba ta bayyana ba, saboda wani daga cikin mutanen da labarin ke buƙata ya riga ya mutu a wani mishan can daban. Wani kuma ya shiga Hjerim kafin lokacinsa, ya ɗauki abin da bai kamata ya ɗauka ba tukuna, sai zaren ya tsinke. Wani ya kai har matakin ƙarshe, an gaya masa makashin zai sake kai hari da dare a wajen kasuwa, ya je ya tsaya. Gari ya waye ba kowa. Ya sake tsayawa. Dogaran birni suna wucewa da fitilunsu suna maimaita 'yan maganganunsu, umarnin yana nan yana ce masa ya yi sintiri, makashi kuwa ko alamarsa.

A nan ne gizo ke saƙa. Mutumin da ke tsaye a kasuwar nan ba shi da hanyar da zai bambance ko cikin dabarar marubuci yake ko cikin kuskuren mai rubuta manhaja. Shirun iri ɗaya ne. Wasan da ya taɓa yaudararka da gangan ya koya maka cewa jinkirinsa ma yana iya zama da ma'ana, don haka sai ka ƙara haƙuri, ka ce wataƙila ban zo a daidai sa'ar ba, wataƙila ba wannan lungun ake nufi ba. Da farko kowa kansa yake zargi. Ladabi ne da muke yi wa duk wani rubutu: idan muka kasa fahimta, muna ɗauka gazawar tamu ce kafin mu yi zaton ta marubuci ce. Wasan da ya cije yana cin moriyar wannan ladabi ba tare da ya cancance shi ba, kuma wanda ya fi kyautata masa zato shi ya fi daɗewa a tsaye.

Ya kamata a raba abubuwa biyu da baki yakan haɗa. Akwai mishan mai wuya, akwai mishan lalatacce. Waɗanda suka buga Grand Theft Auto: Vice City na 2002 a gidajen gem na garuruwanmu ba za su manta da ɗan ƙaramin jirgin nan mai saukar ungulu ba, wanda ake tuƙawa daga nesa don a dasa bama-bamai huɗu a wani bene da ake ginawa kafin lokaci ya ƙare. Ya sa yara da yawa sun miƙa wa wani yaya madannai suna cewa don Allah wuce min nan. Amma ana wucewa. Tuƙin ne ke da taurin kai, alkawarin yana nan daram. Takaicin wannan mishan takaici ne mai amfani, domin duk faɗuwa tana ƙara wa hannu sani. Lalataccen mishan kuwa ba ya koyar da komai. Ko ka kawo gwanin gwanaye, a kasuwar nan zai tsaya kamar yadda ka tsaya.

To me ke faruwa a ƙasan labarin? A wasannin Bethesda kowane mishan yana da lambar shaida, kuma an yanka shi mataki-mataki, kowane mataki da adadinsa: 10, 20, 30, haka har ƙarshe. Mishan ɗin Windhelm lambarsa MS11. Abin da kake karantawa, cewa ka tambayi shaidu ko ka bi sawun jini, tufafi ne kawai da aka sa wa waɗannan adadai. Na'ura ba ta san Susanna ba, ba ta san tausayi ko zargi ba. Abin da ta sani shi ne idan an cika sharaɗi kaza, a ɗaga adadi daga wannan zuwa wancan. Idan wani abu ya hana adadin ɗaguwa, to a wurinta ba ka yi aikin ba, ko da kuwa ka yi shi a gaban idonta. Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban ma'aikacin ofis yana ce masa ga ni, shi kuma yana ce masa fayil ɗinka bai iso teburina ba, ya san wannan hali. Ba musun zuwanka yake yi ba. Zuwanka ne ba shi da muhalli a irin yaren da yake aiki da shi.

Yawancin irin wannan tangarɗa daga 'yanci take fitowa. Mai tsara wasa yana zaton za ka bi ta ɗaya, biyu, uku. Kai kuma da aka ce maka duniya taka ce, sai ka fara da uku. A The Legend of Zelda: Skyward Sword, wanda Nintendo ta fitar a wannan wata na Nuwamban 2011, akwai wani aike mai rassa uku da aka bar wa mai wasa ya zaɓi wanda zai fara. Wanda ya fara da yankin hamada, sannan ya koma ya yi magana da wani mai haƙar duwatsu mai suna Golo, sai sauran rassan biyu su ƙi buɗuwa har abada. Laifinsa kawai shi ne ya tsaya ya yi hira. Sai da kamfanin ya fitar da wata 'yar manhaja ta musamman a kan na'urar Wii don gyara ajiyar wasan waɗanda abin ya shafa. Shekara guda kafin nan, a Metroid: Other M, wata ƙofa takan kulle ta ƙi buɗuwa idan mai wasa ya koma baya a wani wuri kafin ya ci gaba, kuma maganin da aka bayar shi ne mutum ya aika wa kamfanin katin ajiyarsa a gyara masa a mayar. Ka duba fa: ƙofar da babu ita a duniya, amma sai an bi ta gidan waya kafin ta buɗe.

Ruwa dai ba ya tsami banza, sai dai wani lokaci dalilin yakan yi nisa da inda tsamin ya bayyana. Nate Purkeypile, ɗaya daga cikin waɗanda suka gina Skyrim, ya ba da labari a 2021 cewa a lokacin aikin, keken dokin da ke ɗauke da mai wasa a farkon labari yakan yi tsalle ya tashi sama haka kawai, ba kullum ba, jefi-jefi. Da aka bi diddigi sai aka gano ƙudan zuma ne. An gyara wata matsala da ta hana a kama zuma a wasan, gyaran kuma ya mai da ita abu mai tauri da ba ya gusawa, don haka duk ranar da ta gitta gaban keken, keken ne ke tashi. Wannan an kama shi kafin wasan ya fita. Waɗanda ba a kama ba su ne suka zama rabon masu saye.

Akwai wani tsohon labari da nake ganin ya fi kowanne nuna ƙarfin suna. A 1984 wani matashi ɗan Ingila, Matthew Smith, ya rubuta Jet Set Willy don ƙaramar kwamfutar gida ta ZX Spectrum. Willy ya yi biki a katafaren gidansa, mai kula da gidan, Maria, ta hana shi kwanciya sai ya tattara tarkacen da aka bari a ɗakuna. Amma da zarar ka shiga ɗakin da ke can ƙarƙashin rufi, wata kibiya da ke yawo a ciki takan zarce iyakarta a ƙwaƙwalwar na'ura ta ɓata bayanan wasu ɗakunan, ta yadda duk wanda ya shige su daga baya zai mutu nan take. Wasan, yadda aka sayar da shi, ba ya ƙarewa. Da aka yi ƙorafi, kamfanin Software Projects ya fara cewa ai da gangan ne, ɗakunan sun cika da iska mai guba. Daga baya ya amsa laifi, ya fitar da wasu 'yan umarni da mai wasa zai rubuta da hannunsa don gyarawa.

Iska mai guba! Ba a taɓa ko layi ɗaya na manhajar ba, an dai canza abin da ake kiran matsalar, sai kuskure ya koma labari, wanda aka cuta kuma ya koma wanda bai iya ba. Ina ganin wannan rashin gaskiya ne, ko da yake dole mutum ya yi murmushi. Amma ba kullum sauya suna ke zama yaudara ba. A Skyrim, idan wani ƙato mai kulki ya maka maka duka, gawarka takan tashi sama har ta kusa ɓacewa. Lissafin na'ura ne ya zarce, mutane suka so abin, aka bar shi, yau yana cikin abubuwan da ake tuna wasan da su. Haka masu tseren ƙare wasa cikin gaggawa suka mai da kurakurai sana'a. A Super Mario 64 na 1996 akwai matakalar da ba ta ƙarewa sai ka tara taurari 70. Su kuwa sun gano cewa wani irin tsalle da baya yana tara gudun da zai harba Mario ya wuce ta. Bambancin yana wurin wanda ya raɗa sunan. Idan masu wasa ne suka ga ɓaraka suka ce mun karɓa, kyauta ce suka yi. Idan mai sayarwa ne ya ce ɓarakar ado ce, bashi ne yake gudun biya.

Mu koma wurin mutuminmu da ke tsaye a kasuwa. Idan ya gaji da zargin kansa, sai ya shiga neman magani, kuma a nan ne camfi ke yaɗuwa, domin inda ba a san dalili ba kowa malami ne. Wani ya ce masa ya mayar da takobi kube kafin ya yi magana. Wani ya ce ya fita birnin ya yi kwana uku a wani gari sannan ya dawo. Wani ya ce ya kashe na'urar gaba ɗaya ya kunna. Abin dariya shi ne wasu daga cikin waɗannan suna aiki, kuma da hujja. Fita daga wuri a dawo yana sa wasan ya sake jera mutanen wurin a inda ya kamata su tsaya. Rage gudun hoto ma yakan yi magani, domin an gina motsin abubuwa a Skyrim na asali a kan hotuna 60 a daƙiƙa, idan kwamfuta ta zarce haka sai kwanuka su fara tashi daga kan tebur. Amma wanda ya ba ka shawarar sau da yawa bai san wannan ba. Ya dai yi abubuwa biyar, na biyar ya dace, sai ya riƙe shi.

Magani mafi tabbas shi ne komawa tsohuwar ajiya, wato a loda wasan daga wani lokaci kafin zaren ya tsinke. Tsadarsa ita ce duk abin da ka yi tsakanin can da nan ya tafi: kogunan da ka shiga, makaman da ka ƙera, dodannin da ka kayar. Kuma ba ka san ranar da ya tsinke ba, tunda ba ya ƙara idan zai tsinke.

Mai buga wasan a kwamfuta yana da wata ƙofar. Akwai maɓalli guda da ke tsayar da duniyar cak, ya buɗe wata 'yar taga a ƙasan allo inda ake rubuta wa na'ura umarni kai tsaye. A nan mutum zai rubuta setstage, ya bi shi da MS11, ya bi shi da adadin matakin da yake so. Da ya danna, sai mishan ya tsallake. Wannan lokaci ne mai ban mamaki idan aka tsaya aka dube shi. Tun farkon wasa shi ake aika, yau shi ne ya yi aike, kuma da yaren da aka ɓoye masa. Ya bar magana da Jorleif, ya koma magana da abin da ke motsa bakin Jorleif.

Wasu suna kiran wannan maguɗi. Ban yarda ba. Maguɗi shi ne ka karya dokar da ɗaya ɓangaren yake kiyayewa, a nan kuwa wasan ne ya fara sakin nasa bakin igiyar. Wanda ya yi duk abin da aka ce ya yi, sannan ya rubuta adadin da hannunsa, haƙƙinsa ya karɓa. Sai dai ba zan ce ba a rasa komai ba. Na farko, tsallaken yakan bar rami: mutane su yi maka godiya a kan abin da ba ka gani ba, ko a ɗaga adadi amma wanda ya kamata ya koma wani wuri bai koma ba, sai gyaran ya haifi wata sabuwar cijewa a gaba. Na biyu ya fi wuyar faɗi. Wanda ya taɓa ganin adadin da ke bayan kukan mutanen Windhelm, da wuya ya sake jin kukan kamar da. Ya wuce mishan ɗin, babu shakka. Ko ya kama makashin, wannan wata magana ce, kuma shi kaɗai zai iya amsa ta.

Waɗanda suka sayi wasan a kan PlayStation 3 ko Xbox 360 ba su da wannan taga ma. Nasu jira ne, sai kamfani ya fitar da faci, wato gyaran manhaja. Facin ma ba kullum yake zuwa da alheri ba: wanda aka fitar a ƙarshen Nuwamban 2011 ya gyara wasu abubuwa, ya kuma sa dodanni suka riƙa tashi da baya-baya. A ɓangaren kwamfuta kuwa wasu masu son wasan ne suka haɗu, ba albashi ba kwangila, suka yi ta bin mishan ɗaya bayan ɗaya suna ɗinke ɓaraka, suka fitar da abin da suka kira facin da ba na hukuma ba, wanda ya gyara dubban kurakurai kuma aka ci gaba da sabunta shi shekara da shekaru. Mutane ne da suka ɗauki maganar wasan da muhimmanci fiye da yadda jadawalin kasuwa ya bar masu shi su ɗauka. A rashin uwa akan yi uwar ɗaki.

Ko ga wanda komai ya tafi masa daidai, mishan ɗin Windhelm yakan bar wata 'yar tsaraba. Layar nan da aka tsinta a Hjerim an yi mata alamar kayan mishan, kuma wasan ba ya barin a yar da irin waɗannan kaya, don kada mutum ya jefar da abin da zai buƙata gobe. Tsari ne mai kyau. Amma mutane da yawa sun ƙare binciken, an kashe makashi, an rufe magana, laya tana nan a jakarsu, duk sa'ad da suka yi niyyar ajiye ta sai a ce musu ba a rabuwa da kayan mishan. Wane mishan? Hanyar kauce wa wannan ita ce ka kai wa Calixto layar tun da wuri, ya duba ta, ya yi maka tayin zinare 500, ka sallama. Wato sai ka yi ciniki da makashin, ka karɓi kuɗinsa, tun ba ka san shi ne ba.